Kwamfutar Baba Mai Hoto

Shagon Baba Mai Hoto ɗaki ɗaya ne da aka raba biyu da labule. A gaba akwai benci, da kanta mai gilashi cike da hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba, sai tebur da kwamfuta da firinta a kai. A bayan labulen akwai kujera, da fitilu masu lema, da ƙyallaye fari da shuɗi da ake saukewa a bayan mutum idan za a ɗauke shi. Baba ya fara sana'ar tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu. Da zamani ya juya bai tsaya gardama da shi ba. Ya sayi kwamfuta, ya koye ta da ƙyar, abin da ya koya kuma ya riƙe shi gam.

Duk aikinsa a fuskar kwamfutar yake ajiye shi, wato wurin da ke fara bayyana idan an kunna ta. A nan ya shimfiɗa hoton wata bishiya a bakin ruwa da kwalekwale a gefe, wanda shi da kansa ya ɗauka. A kan hoton kuma foldodi ne birjik, wata a sama wata a ƙasa, kamar kaji a tsakar gida. Duk wanda ya leƙa sai ya ce a bari ya gyara masa su, shi kuwa sai ya ce a bar masa kayansa haka.

Mijin 'yarsa ta ƙarshe, Auta, akawu ne a wani kamfanin sayar da kayan gini, kuma Akawu kowa ke kiransa. Mutum ne mai sanyin magana. Shekaru sun ja da aurensu, har yara sun shiga makaranta, amma tsakaninsa da surukinsa bai wuce gaisuwa ba. Zai durƙusa ya tambayi lafiya da kasuwa, Baba ya tambayi yara da aiki, daga nan sai kowa ya rasa ta cewa, har Auta ta shigo ta cece su. Sauran mazan 'ya'yan Baba masu baki ne, suna zuwa a yi ta raha da dariya. Akawu yakan zauna a gefe yana murmushi, yana jin kamar shi kaɗai ne bai taɓa amfanar tsohon da komai ba.

Shi ya sa ranar da Auta ta dawo daga gaida mahaifinta ta ce kwamfutarsa ba lafiya, sai ya ajiye cokali ya saurara. Ta ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, ya shige ta, wataƙila daga filash, 'yar ma'ajiyar da masu kawo hoto a wanke musu ke soka mata. Sai an daɗe kafin ta buɗe abu, wasu tagogi na ta faɗowa da kansu, ran nan ma wata mata ta gaji da jira ta tafi wani shagon. Akawu ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, ya sha ganin yadda Injiniya, mai kula da kwamfutocin ofishinsu, yake yi. Auta ta dube shi ta tambaya ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

Ranar hutunsa ya isa shagon da hantsi, da filash a aljihu mai ɗauke da maganin bairos da ya kwafo daga ofis. Baba ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya koma benci ya zauna yana goge kyamara. Akawu ya sa maganin ya bar shi yana bincike. Ya daɗe yana yi, yana tono miyagun fayiloli ɗaya bayan ɗaya, jan rubutu na ta ƙaruwa. Da ya gama ya nemi izinin sharewa, Akawu ya danna ba tare da ko ɗar ba. Ya juyo ya ce wa Baba an gama, saura a kashe a kunna.

Kwamfutar ta kunnu, ta yi ɗan kiɗanta na kullum. Daga nan sai baƙi. Babu bishiya, babu kwalekwale, babu folda ko ɗaya, har layin nan na ƙasa ya tafi. Kibiyar nan fara ce kaɗai a tsakiyar gilashin, tana bin hannunsa duk inda ya ja ta.

Ya jira. Ya sake kashewa ya kunna. Ya zare waya daga bango ya mayar. Baƙin dai yana nan. Zufa ta fara bin bayansa duk da fankar da ke kaɗawa a kansa. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba.

Baba ya taso ya tsaya a bayansa, ya daɗe yana kallon gilashin. Ya tambaya ko wuta ce ta yi ƙasa. Akawu ya ce a'a. Ya tambaya ko hotunan suna ciki. Akawu ya ce bai sani ba tukuna.

"To," in ji Baba. Ya koma benci ya ɗauki kyamararsa.

Da faɗa ya yi da ya fi wa Akawu sauƙi. Ya san abin da ke cikin kwamfutar nan: bukukuwan mutane, 'yan makaranta aji-aji, tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya waɗanda 'ya'yansu kan zo neman a ƙara musu girman hoto, da hotunan Auta tun tana rarrafe da Baba ya bi ya kwafe daga takarda. Ya fita bakin shago ya kira Injiniya.

Injiniya yana cikin mota a hanyar zuwa ganin iyayensa, magana na yankewa tana dawowa. Da ya ji bayani sai ya yi dariya, ya ce ai dama likitan da ya koyi aiki ta taga haka yake yi. Sannan ya tambaya ko kibiyar na motsi. Da aka ce masa tana yi, ya ce to a kwantar da hankali, mai rai ce. Ya ce irin wannan bairos ɗin wayo gare shi. Akwai wani ɗan aike a cikin kwamfuta wanda da zarar an kunna ta ake kiransa ya shimfiɗa fuskar ya jera kaya. Bairos ɗin ya goge sunan ɗan aiken ya rubuta nasa a wurin. Yanzu an kore shi, amma kwamfutar sunansa take ta kira, ba mai amsawa.

Akawu ya koma ciki da waya a kunne. Injiniya ya sa shi ya danna maɓallai uku na gefen hagu a tare. Wata ƙaramar taga ta fito a cikin baƙin, Akawu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Aka nuna masa inda zai nemi sabon aiki, aka fara karanta masa sunan ɗan aiken harafi-harafi. Ana tsakiyar haka layi ya yanke. Ya kira, ba ta shiga. Ya sake kira, aka ce ba a samun mai lambar.

Akawu ya ajiye wayar a kan tebur. Can Baba ya leƙa waje ya yi wa mai shayin tsallaken titi alama. Da aka kawo, ya tura wa Akawu kofi ɗaya, ya ce ya sha, ba a gyara da busasshen maƙogwaro. Akawu ya karɓa da hannu biyu, ya fara ba da haƙuri. Baba ya katse shi. Ya ba shi labarin wani biki da ya taɓa ɗauka yana saurayi, ya yi ta haska mutane tun safe har yamma, ana gyara tsayuwa ana murmushi, sai da ya koma shago ya tarar bai sa fim a kyamarar ba. Ya ce dangin amarya sun yi wata guda suna nemansa, shi kuma yana bin ta bayan kasuwa. Akawu bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba, har shayi ya sarƙe shi. Bai taɓa yin dariya da sauti a gaban tsohon ba sai ranar.

Bayan azahar Injiniya ya kira da kansa, ya ce sun fito daga daji. Aka ƙarasa rubuta sunan, Akawu ya danna. Gilashin ya yi ƙyaf, layin ƙasa ya dawo, agogo ya dawo, kwandon shara ya bayyana a kusurwa. Foldodin dai babu su. Injiniya ya ce tsugune ba ta ƙare ba, amma kada ya tsorata. Ya sa shi ya duba ma'ajiyar kwamfutar ya ga ko kayan ciki sun ragu. Akawu ya duba ya ce a cike take kamar yadda take. Injiniya ya ce to kaya na nan, ɓoye su aka yi. Ya bi da shi lungu-lungu har inda ake cewa a nuna abin da aka ɓoye. Sai ga foldodin sun fito dishi-dishi, kamar an zana su da ruwa. Ya zaɓe su duka ya cire musu alamar ɓoyon, suka yi rawaya sosai kamar da. A ƙarshe suka shiga wurin da bairos ya rubuta sunansa, wanda Injiniya ya yi ta gargaɗin kada ya taɓa komai a ciki sai abin da ya ce, suka mayar da sunan gaskiya. Aka kashe aka kunna, komai ya fito da kansa.

Akawu ya buɗe folda ɗaya, ga hotuna. Ya buɗe wata, ga su. Ya yi wa Injiniya godiya har sai da wancan ya ce ya isa haka, ya tashi ya ba Baba kujerarsa. Abin da ya canza kawai shi ne bishiyar ba ta dawo ba, bangon ya zama shuɗi fayau, foldodin kuma sun jeru a gefen hagu sahu-sahu bisa haruffan sunayensu. A idon Akawu hakan ma ya fi kyau. Har ya ce wa Baba ga shi an samu riba, kwamfutar ta yi masa shara.

Baba ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, amma bai danna komai ba.

Ana haka wani direban babbar mota ya shigo da sauri. Ya ce kwanakin baya an ɗauke shi hoton fasfo a nan, yana son a ƙara wanke masa, ana jiransa a wurin sabunta lasisi. Baba ya gane shi da murya tun kafin ya gama sallama, har ya tambaye shi ƙafar da yake ciwo. Ya juya ga kwamfutar. Kibiyar ta tafi sama ta dama, inda babu komai yanzu, ta tsaya. Ta dawo hagu tana lalube. Ya buɗe wata folda, ta bikin wasu ce. Ya rufe ya buɗe wata, 'yan makaranta ne. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkatar da kai yana kallo ta gefen ido.

Akawu yana tsaye a bayansa. Foldar tana nan a sahun farko, an rubuta mata Fasfo ɓaro-ɓaro, kibiyar ta bi ta kanta ta wuce har sau biyu. Ya dubi tabaran da ke fuskar tsohon. Nan take ya gane.

Ya sunkuya ya ce, yadda direban zai ji, "Baba, ni na hargitsa muku wurin. Ku bari in nemo, tunda ni na ɓata."

Ya buɗe foldar, direban ya nuna kansa da yatsa, firinta ta fitar. Baba ya ɗauki almakashi ya yanka hotunan tsaf, ko kallonsu bai cika yi ba, ya zuba a ambulan. Direban ya tafi yana godiya.

Bayan fitarsa Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Da ya tashi magana, gilashin kwamfutar yake kallo.

"Ta fasfo a saman bishiya take zama," ya ce. "Ta makarantu a cikin kwalekwale. Na bukukuwa suna bin bakin ruwa, na bana a kusa, na da can nesa. Ni ba karanta su nake yi ba, Malam. Na daɗe da daina ganin rubutun."

Ya ce abin ya fara ne kamar hayaƙi a idon hagu, yanzu ya kama na dama. Fuskar mutum yana ganinta idan an kunna fitilu, kyamara kuma ita ke daidaita kanta, sauran aikin hannunsa ya riga ya haddace. Bishiyar da ruwan manya ne, yana ganinsu, su ne alamarsa.

Akawu ya jawo benci kusa da tebur ya zauna, kafaɗarsa na gogar ta surukinsa. Ya tambayi inda asalin hoton bishiyar yake. Baba ya ce yana cikin foldar da ya sa wa suna Nawa. Suka nemo shi suka shimfiɗa. Akawu ya cire umarnin da ke sa foldodi jeruwa da kansu, sannan suka fara aiki. Shi yana karanta suna, Baba yana faɗin mazauninta, shi kuma yana janta ya kai. Wata a gindin bishiya, wata a reshen da ya karkata, wata a kan gajimare. Wani lokaci Baba yakan ce a ɗan ƙara matsar da ita, ta hau kan maƙwabciyarta. Wasu foldodin suna zuwa da labarinsu: wannan angon ya suma a gaban kyamara, waɗannan tagwayen sai da aka ɗauki ɗaya sau biyu ba a sani ba. Wata kuwa da aka karanta sunanta Baba ya ce a sa ta can ƙasa, bai ƙara komai ba, Akawu ma bai tambaya ba. Har la'asar ta yi sanyi suna yi. Da suka gama Baba ya karɓi linzamin, ya rufe ido ɗaya, ya kai kibiyar saman bishiya ya danna, ta fasfo ta buɗe.

Sai a lokacin ya ce kada Auta ta ji. Ya ce idan ta ji yayyenta sun ji, idan sun ji kuwa za su taru su rufe masa shago, su ajiye shi a ɗaki yana jiran a kawo masa abinci.

Akawu bai taɓa musa wa tsohon ko da sannu ba.

"Baba, ku gafarce ni," ya ce. "Ba zan kai mata maganar ba. Amma idan ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Abin da nake roƙo, ku bari in raka ku a duba idon. In yanar ido ce, cire ta ake yi. Mahaifiyar wani abokin aikinmu an yi mata, yanzu ita ke sa wa kanta zare a allura."

Baba ya ce shi mutumin da ko kwalli bai yarda a sa masa ba, shi za a kai a sa wa wuƙa a ido. Ya tashi ya fara kashe fitilu. Akawu ya taya shi jawo ƙofa, suka yi sallama kamar kullum.

A gida Auta ta tambaya ko an gyara, ya ce an gyara. Ta ce to me ya tsare shi wuni guda, kuma me suka samu suka ce wa juna shi da Baba. Ya ce hira suka yi. Ta yi dariya ta ce wannan kam sai ta gani da idonta.

Kwanaki suka wuce Akawu bai ji komai ba, har ya fara tunanin ko ya yi wa tsohon rashin kunya. Wata safiya yana ofis wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga sunan da ke kai sai da ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka, don lambar ba ta taɓa kiransa ba. Bayan gaisuwa Baba ya tambaye shi wace rana ce ba ya aiki.

Suka je asibitin ido tare. Likita ya haska ya ce yanar ido ce, ta nuna sosai a hagu, ta dama kuma za ta iya jira. A kan hanyar dawowa Baba ya ce su biya ta gidan Akawu, kuma shi da bakinsa ya gaya wa 'yarsa. Auta ta yi kuka, ta yi wa mahaifinta faɗa yadda auta kaɗai ke iya yi, ta ce ashe shi ya sa ran nan ya kira ɗanta da sunan ƙanwarsa ya wayance da wasa. Sannan ta juya kan mijinta ta ce wato su biyu suka haɗe mata kai. Baba ya ce ta bar masa ɗansa, shi ya hana shi. Yayyenta sun taru kamar yadda ya yi hasashe, an kuma yi maganar rufe shago, amma Auta ta tsaya ta ce a bari a ga bayan aiki tukuna.

Aka yi aikin, aka yi sa'a. Ya yi 'yan makonni a gida da baƙin tabarau yana mita, jikoki na yi masa dariya. Ranar da ya koma shago Akawu ya biya da sassafe kafin ya wuce aiki. Ya tarar da shi ya fito da hotunan cikin kanta ya baza a tebur yana girgiza kai. Ya ce ashe duk hotunan da ya wanke a 'yan shekarun nan haske ya yi musu yawa, mutane sun fito kamar an shafa musu alli, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Ya ɗago ya dubi Akawu, ya ci gaba da dubansa har Akawu ya sunkuyar da kai.

"Malam," ya ce, "ashe furfura gare ka."

Akawu ya shafa gefen kansa ya ce ta ɗan jima da fitowa.

Baba ya ɗage labule ya kunna fitilu, ya ce ya shigo ya zauna, yana so ya gwada hasken a kan mutum kafin masu zuwa su fara zuwa. Akawu ya zauna ya haɗa gwiwoyi, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Baba ya sauke shuɗin ƙyalle, ya koma baya ya kara kyamara a idon hagu. Ya ce ya saki kafaɗa, ya ɗaga haɓa kaɗan.